Famfon mai na kwali don Fijo 504: abin da mai mota a Sakkwato zai duba kafin ya biya

Idan ka shiga shagon kayan mota a Sakkwato ka ce famfon mai na Fijo 504 kake nema, galibi abu uku za a ɗora maka a kan kanta. Akwai sabon famfo cikin kwali, akwai ƙunshin roba da bawul na gyaran tsohon idan ka yi sa'a, sai kuma ɗan ƙaramin famfon lantarki mai ƙarar tak-tak-tak. Na kwalin aka fi saye, kuma a kansa wannan sharhi ya fi tsayawa. Famfo ne mai aiki, wani ma yakan daɗe yana yi. Abin da ke damunmu shi ne da yawa cikin masu sayensa ba su buƙace shi ba. Direba ya buɗe bonet ya ga farin gari ko baƙin danƙo ya daskare a jikin famfo, yaron gareji ya leƙo ya ce, "Maigida, wanga fam ya mutu, sai sabo," nan take a aika kasuwa. Ba a daɗe ba dattin ya dawo a jikin sabon, domin tun farko ba daga famfon yake fitowa ba.

Kamfanin haɗa motocin Fijo na Kaduna, wato PAN, ya fara haɗa 504 a 1975, ya ci gaba har tsakiyar shekarun 2000, ke nan ko wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta doshi shekara 20. Har gobe ita da a-kori-kurarta na ɗaukar albasa da buhunan hatsi a hanyar Gwadabawa da Illela, da ta Achida da Wurno. Abin da za mu faɗa ya shafi duk tsohuwar mota mai kafireta (na'urar da ke gauraya fetur da iska) da famfon da injin ke kaɗawa, irin su Datsun, Nissan Sunny, Toyota Starlet da Golf 2, sai dai siffar famfon ta ɗan bambanta.

Famfon na maƙale a gefen bulok, wato gangar jikin injin. Cikinsa ɗaki biyu ne: na sama na fetur, na ƙasa kuma a buɗe yake zuwa cikin injin inda baƙin mai ke fantsama. Abin da ya raba su fallen roba ne mai zare a ciki, wato dayafaram. Kamshaf, wani sandan ƙarfe da ke juyawa a cikin injin, na da wani ƙusumbi da ke motsa hannun famfo. Hannun ya jawo robar ƙasa, ta tsotso mai daga tanki, sifirin ya mayar da ita sama, ta tura man zuwa kafireta, ƙananan bawul biyu kuma su hana shi komawa baya. Ƙarfin turin daga sifirin yake fitowa, kuma kafireta irin ta 504 ba ta son fiye da psi 3 zuwa 4 da ɗoriya (psi ma'aunin matsi ne). A ɗakin ƙasa akwai wata 'yar huda mai faɗin milimita 2 ko 3. An yi ta ne don iska ta riƙa fita, kuma in roba ta yage fetur ya zubo waje maimakon ya gangara cikin injin. Rabin binciken a bakin wannan huda ake yinsa.

Kuskuren farko shi ne wankewa. Da an ga datti sai a ɗebo fetur a gwangwani a goge wurin tas, alhali dattin nan shi ne shaidar da ake da ita. A bar injin ya huce, a cire kan batir na negatif, a kori mai sigari daga wurin, a haska da tocila. A ɗauki hoto da waya tun kafin a taɓa komai. Sannan a bi sawun danshin zuwa sama har inda ya ƙare, domin ruwa ba ya hawa tudu, kuma fankar injin na kora komai zuwa baya. Abin da ya taru a jikin famfo sau da yawa daga sama ko daga gaba ya taso.

Sabon yoyon fetur ba ya barin datti, wanke wuri yake yi. In ka ga injin duk ya yi baƙi amma akwai wani siririn layi fes yana sheƙi daga ƙasan famfo, to fetur ne ke bi ta nan kullum. Duba inda layin ya faro. In daga bakin tiyo ne, kilif ko tiyon ne da laifi. In daga tsakanin rabin sama da rabin ƙasa ne, sukurori sun saki ko gefen robar ya bushe. In kuwa daga 'yar hudar nan ne, dayafaram ya yage, ba wata tantama.

Danƙo mai ruwan zuma ko ruwan ƙasa, mai kama yatsa da warin tsohon fenti, shi ma na fetur ne, amma yoyon ɗan kaɗan ne kuma ya daɗe. Man na tsattsafowa, zafin injin na busar da sassansa masu sauƙi, masu nauyin su zauna su haɗu da iska su zama danƙo. Ruwa ba ya taɓa shi, amma tina ko maganin wanke kafireta na narkar da shi nan da nan. Ana yawan ganinsa a motar da aka ajiye wata da watanni, kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ba ƙananan motoci ke kwance a zaure da rabin galan a tanki ba. Irin wannan danƙo in ya bayyana a waje, to yana ciki ma, ya manne bawul. Wanki da sabuwar roba kan isa, ba lallai sai sabon famfo ba.

Baƙin taɓo mai santsi kuwa baƙin mai ne da ƙurar hunturu. Shafa shi a farar takarda ka ajiye a rana. Fetur zai tashi cikin mintuna ya bar takardar kusan yadda take, baƙin mai zai bar tabon maiƙo da ba ya gushewa. Mafi yawan lokuta daga gasket ɗin murfin saman injin yake gangarowa, ko daga gasket ɗin da ke tsakanin famfo da bulok. In daga 'yar huda yake ɗigowa, to robar da ke tare baƙin mai a sandar dayafaram ta cinye. Amma kafin a ɗora wa famfo laifi a buɗe murfin zuba baƙin mai injin na sulo. In hayaƙi na busowa da ƙarfi, ringi sun gaji ko tiyon shaƙar iska na injin ya toshe, kuma wannan matsin zai tura mai ta jikin kowane famfo ka ɗaura, sabo ko tsoho.

Farin gari shi ne mai ruɗa mutane, don abubuwa da dama ke haifar da shi kuma a ido duk kamarsu ɗaya.

Na farko mu da kanmu muke jawo shi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin bonet kuwa sai abin da ya ƙaru. Sassan fetur masu sauƙi tun kafin digiri 40 suke fara zama tururi. A kashe mota minti 10 a tasha da azahar, zafin bulok ya hau famfo, man da ke ciki ya tafasa, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Kowane tsohon direba ya san maganin: a jiƙa tsumma a naɗa a famfo, ko a fasa ledar fiya wata a kai. Motar takan tashi, gaskiya ne. Amma ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa na wannan yanki yana ɗauke da farar ƙasa, ba banza aka kafa masana'antar siminti a Kalambaina ba. Duk sanda ruwan ya ƙafe a kan ƙarfe mai zafi sai ya bar ɓawo fari. A yi haka bazara guda, famfo zai yi fari fat alhali ko ɗigo ba ya yi. Haka ruwan lagireto da ke ɗigowa daga tiyo ko daga famfon ruwa (wata-fam) yake barin irin wannan sawu, sai dai shi yakan haɗa da jan tsatsa.

Na biyu, jikin famfon ne da kansa yake ruɓewa. Da haɗin tutiya ko alminiyam ake zuba shi, kuma tsatsar waɗannan ƙarafa fara ce, ba ja ba. Ga yadda ake bambance su. Kankare ɗan wuri da bakin sukundireba, ka matsa lemun tsami a kan garin. Ɓawon ruwa zai yi kumfa a fili. Tsatsar tutiya ma takan ɗan yi, don haka kada ka tsaya nan, dubi ƙarfen da ke ƙarƙashin inda ka kankare. In sumul yake, dattin baƙo ne, daga waje ya zo. In kuwa ka ga ƙananan ramuka birjik kamar itacen da gara ta ci, farce na maƙalewa in ka ja, to ƙarfen ne ke narkewa. In ramukan sun kai bakin da roba ke zama, wannan famfo ya gama aiki, kuma a nan ne na kwali ya cancanci kuɗinsa.

Sai a buɗe murfin famfon a duba ciki. Farin gari ko fari-farin kunu a kan ragar tace mai yana nufin ruwa ko sinadarin barasa na shigowa tare da fetur. Ba baƙon abu ba ne. A Fabrairun 2022 hukumomi da kansu suka sanar cewa an shigo da fetur mai metanol, wani nau'in sinadarin barasa, fiye da ƙima, kuma metanol na cin tutiya da alminiyam, yana lalata roba. Ko ba wannan, jarkar ɗan bumburutu da ta kwana a buɗe da damina, ko tankin da kullum yake kusan wayam yana zufa da dare, sun isa. Gwajin ba wuya. Tari man a tsabtatacciyar kwalba ka ajiye minti 15, ruwa zai kwanta a ƙasa da layinsa a fili. Don gano barasa, zuba ruwa kashi 1 a siririyar kwalba ka yi alama a inda ya tsaya, ka ƙara fetur kashi 9, ka girgiza ka bari ya natsu. In layin ruwan ya hau sama da alamar, ruwan ya jawo barasa daga cikin man. Kuma in ɗigon man ya bar maiƙo a takarda bayan ya bushe, an gauraya shi da kananzir ko gas. Wanda ya ɗaura sabon famfo bai sauke tanki ya wanke ba, ya ba famfon abin da ya kashe na baya.

Na uku ruwan batir. Garinsa fari ne da ɗan shuɗi, yana ɓare fenti, yana cin ƙarfen mazaunin batir, kuma yana yi wa fata zafi. Jiƙa 'yar kanwa ka ɗiga, in akwai asid zai yi kumfa. A ɗauraye wurin da ruwa bayan gwajin, don kanwa ma ba ta shiri da alminiyam. A nan aikin na mai waya ne: caji na ƙwarai yana tsakanin volt 13.8 da 14.4, in ya zarce haka sosai batir zai riƙa tafasa yana tofarwa.

Na huɗu ya fi sauƙin ganewa amma ya fi ban tsoro. Ɗiga ruwa ka murza da yatsa, in ya yi santsi da kumfa, sabulu ne. Fetur ba ya narkar da sabulu, shi ya sa ake cusa shi a tsaga in mota ta lalace a daji. Dabara ce ta isa gida, ba laifi. Laifin a manta da shi, ko a sayar da mota da shi. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota ya ga sabulu, ko gam mai ƙarfi da aka cakuɗa da yashi, a jikin famfo, to akwai tsaga a ƙarƙashi. A kankare a gani da ido.

Sauran ba su da wuyar karantawa. Kore a gindin bututu tsatsar tagulla ce, danshi ya daɗe a wurin. Jan abu ko toka-toka mai laushi yana reto, gam ɗin silikon ne da fetur ya kumbura, kuma ɓarɓashinsa na toshe jet, wato 'yan hudojin da mai ke bi a cikin kafireta. Baƙin ɓarɓashi a cikin filta tiyo ne ke ruguzowa ta ciki. Jan gari mai bin maganaɗisu tsatsar tanki ce.

Kowane irin datti ka gani, kada ka rufe bonet ba ka zaro gejin baƙin mai ba. In man ya hau sama da alamar cika alhali ba a ƙara ba, ya tsinke kamar ba shi da jiki, yana warin fetur, to fetur na zuba cikin injin. Ɗiga shi a takarda, za ka ga wani faffaɗan zobe mara launi ya yaɗu da sauri a kewayen baƙin ɗigon. Hakan na faruwa in 'yar hudar ta toshe da laka, ko wani ya cusa mata ashana don ya "tsayar da yoyo". Wannan mota kada ta ƙara tafiya ko zuwa bakin titi. Baƙin man da fetur ya tsinka ba ya riƙe metal, wato faifan da sandan injin ke juyawa a kansu, kuma kuɗin buɗe injin ya ninka na famfo sau da yawa.

In an gama karanta dattin, yanzu a wanke, a busar, a barbaɗa hodar jarirai ko dakakken alli a famfo da tiyo da duk kewayen. A mayar da kan batir, a tayar da injin minti 10, a kashe, a jira wasu minti 10, domin wani yoyon sai bayan an kashe yake fitowa lokacin da zafi ya ƙara matsin. Wurin da hodar ta fara jiƙewa shi ne asalin matsalar. A ajiye tukunyar kashe gobara mai gari ko bokitin yashi kusa. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

To, bari mu ce bincike ya nuna famfon ne. Ga abin da na kwali yake da shi.

Alherinsa a bayyane yake. Ana samunsa ba wahala, ɗaura shi ba ya cin awa guda, roba da bawul da sifirin duk sababbi ne a tare, kuma in jikin tsohon ya ruɓe babu wata hanya da ta fi shi sauƙi. Amma ingancinsa ba ɗaya ba ne, ko da kwalin iri ɗaya ne, don haka zaɓen a kan kanta ake yinsa, da tsohon famfon a hannu. Iri biyu ne: mai sukurori da ake iya buɗewa, da wanda aka danne bakinsa da inji ba ya buɗuwa. Mun fi son mai sukurori. Na dannen in ya fara tsattsafo ta gefe sai dai a jefar.

Abu na farko da za ka taɓa shi ne bututun shiga da na fita. A yawancin masu arha cusa su kawai aka yi cikin jikin famfon. Kama kowanne da yatsu ka murɗa. In ya motsa ko kaɗan, mayar masa da abinsa. Wannan ba ƙaramin aibi ba ne: zafi na buɗa alminiyam fiye da tagulla, bututun fita ya zame a kan hanya, famfo ya ci gaba da fesa fetur a kan injin mai zafi. Na biyu, jera hannunsa da na tsohon. Tsawo da lanƙwasa dole su zo ɗaya. In ya gaza, mota za ta yi sulo lafiya amma ta shaƙe a hawa ko da kaya. In ya zarce, zai yaga robar ko ya cinye ƙusumbin kamshaf. Na uku, toshe bututun shiga da babban yatsa ka danna hannun, ka ji yana tsotsar fatarka kuma yana riƙewa. Toshe na fita, ka ji matsin bai zurare nan take ba. Na huɗu, ɗora fuskar da ke haɗuwa da bulok a kan gilashin kanta. In tana rawa ko haske na ratsawa ta ƙasa, baƙin mai zai bi ta nan. Ƙaramar tawaya ana gyara ta da samfefa mai laushi a shimfiɗe kan gilashi, babba kuwa a canza. Sannan nemi 'yar hudar nan ka zura siririyar waya, don akan samu wadda zubin ƙarfe ya toshe tun daga masana'anta.

Robar ita ce ba ka iya gani sosai, kuma ita ce ran famfon. Ta ƙwarai ita ce irin robar da ake kira nitiril, wadda ta fi ta jure barasa kuma ita ce wadda ake kira Viton. Abin da za ka iya yi shi ne danna gefenta da ya leƙo tsakanin rabi biyun da farce. In ta yi laushi ta dawo, madalla. In ta yi tauri ko ta nuna tsaga, famfon ya shekara da shekaru a shago mai rufin kwano yana gasuwa, sabo ne a kwali kawai.

Aibin da ya fi ɓoyuwa shi ne ƙarfin sifirin. Akan samu na kwali da ke tura psi 6 ko 7. Nidil ɗin kafireta, allurar da ke rufe ƙofar mai in ta cika, ba zai iya tare wannan ba, sai obafulo, wato mai ya ambaliya, fulogi su yi baƙi, salansa na hayaƙi, mai na ƙarewa da wuri. Daga nan sai a koma ana lanƙwasa fulot, wato abin da ke shawagi a kan mai yana danna nidil, ana canza jet, ana neman ciwo inda babu shi. Gejin auna tsotson injin, wanda galibi yana auna matsin mai ma, minti 5 zai warware zancen in an haɗa shi tsakanin famfo da kafireta. Garejin da ke gyaran motocin kafireta ya kamata a ce yana da shi. Don auna yawan mai, a zare ƙaramar wayar koyil don kada tartsatsi ya tashi, a sa tiyo cikin kwalba, a buga kik daƙiƙa 15. Ana son a ga man na fitowa da ƙarfi, bugu bayan bugu, ba kumfa.

Gasket ɗin da ke zuwa cikin kwalin galibi siririyar takarda ce, kuma ba a haɗowa da kaurin faifan nan baƙi da ke shiga tsakanin famfo da bulok. Kada a jefar da na tsohon. Shi ke hana zafin bulok hawa famfo, shi ke daidaita nisan tafiyar hannu. Motar da aka cire wa shi ita ce za ka ga kullum da jiƙaƙƙen tsumma a bazara. In ya tsage a nemi wani mai kauri ɗaya, a sa gasket ɗaya a kowane gefe, a shafa ɗan giris, ban da silikon.

In jikin tsohon famfon na asali ne kuma bakinsa sumul, ƙunshin gyara ya fi na kwali, ya kuma fi arha. Zubin ƙarfen na da ya fi kauri, bututunsa sun fi zama daram. A yi alama da wuƙa a kan rabi biyun kafin a raba su don bututu su koma inda suke. A lura da fuskar kowane bawul, ɗaya na kallon sama ɗaya ƙasa. Wurin da aka fi kuskure shi ne ɗaure sukurori: a danna hannun famfo har robar ta kwanta daidai da baki, a riƙe shi haka, a ɗaure su ɗaya nan ɗaya can a gicciye, kaɗan-kaɗan. In aka ɗaure robar a sake ko a tattare, ba za ta kai ko'ina ba. Famfon gwanjo na Beljiyam ma jikinsa ake saye. Robarsa ta bushe tun a can, sai a sa masa sabuwa.

Famfon lantarki yana maganin matsalar tururi ƙwarai. Yadda ake ɗaura shi ne ke sa mu fargaba. Turi ya iya, tsotso bai iya sosai ba, saboda haka mazauninsa kusa da tanki ne, ƙasa-ƙasa, da filta a gabansa, ba a cikin ɗakin injin kusa da salansa ba. Dole ya kasance mai ƙaramin matsi na kafireta. Na motar injekta, wadda ba ta da kafireta, yana tura wajen psi 40, ya fi ƙarfin kafireta nesa ba kusa ba, kuma hanyar gobara ce. A ba shi fis da rile (makunnin lantarki) nasa, a kuma haɗa shi ta yadda zai mutu in injin ya mutu, misali ta makunnin matsin baƙin mai, don kada a yi hatsari ya ci gaba da kwarara mai. Mafi muni shi ne a bar man ya ratsa ta cikin tsohon famfo mai yagaggiyar roba, domin na lantarkin zai cika injin da fetur cikin ɗan lokaci. A cire tsohon, a rufe gurbinsa da faifan ƙarfe da gasket.

Ko wanne ka zaɓa, canza tiyo tare da shi. Nemi na fetur na gaske mai zare a ciki, mai faɗin ciki milimita 6 ko 8 gwargwadon bututun, wanda aka buga wa SAE J30 R7 a jiki, in an samu R9 ya fi. Farin tiyon leburin magina yana ƙandarewa cikin 'yan makonni ya saki baki. A ɗaure da kilif mai sukuru, ba wayar ɗaurin rodi ba. Wajen ɗaura famfon, a juya injin da hannu har ƙusumbin kamshaf ya kauce, famfon ya zauna ba tare da an tilasta shi ba, sannan a ja notin bi da bi. Jan gefe ɗaya har ƙarshe shi ke fasa kunnen famfo.

In gejin ya nuna fetur ya shiga, a zubar da baƙin man gaba ɗaya a canza filta kafin a tayar da injin, 504 na cin kusan lita 4. Bayan mako guda ana aiki da motar, a sake bin sukurorin famfon da sukundireba a hankali, don sabuwar roba takan ɗan lotsa in ta sha zafi, a kuma sake barbaɗa hoda a ƙasan 'yar hudar da bakin tiyo biyun a duba da safe.